Hancin Alhaji Tanimu

Tun da na dawo gida na kasa zama wuri ɗaya. Kawu Barau ya kama gefen rigata. "Zauna, sarkin yawo. Ga shari'a ka yanke mana." Sai ya soma labari.

Alhaji Tanimu mai turare ne, hancinsa ne jarinsa. 'Ya'yansa uku: Lantana, Sallau da Gambo.

A shekarar korona cutar ta shige shi a ɓoye, don haka take yi. Ta fara toshe bakin mai shelar jiki, ta sa hula irin ta 'yan gari, ta ƙule a ɗaka tana hayayyafa. Masu gadin jiki suna barci, babu wanda ya tashe su. Ba zazzaɓi, ba tari.

Lantana ce ta ga uban ya shinshina kwalbar almiski ya ce ruwa aka sayar masa. Ta gane korona ce, ta kulle shago, ta ɓoye makulli a zaninta. "Baba, zage ni ka ƙara, kasuwa dai ba ka zuwa." Ba don ita ba, da a tsaye ciwon zai cinye shi.

Gambo ma'aikacin jinya ne. Maƙwabta suka kawo maganin da ke kwantar da masu gadin jiki, ya hana. "Waɗanda ke barci za ku ƙara wa bargo?" Bayan kwanaki masu gadin suka farka a firgice, suka tarar gari ya cika da cutar, suka hau duka ba ji ba gani har huhu ya kama wuta. Nan Gambo ya ce yanzu ne lokacin maganin, amma sai a asibiti, da iskar numfashi.

Alhaji ya rantse ba ya zuwa, wai wanda ya shiga ba ya fitowa. An rufe hanyoyi, babu mota. Sallau bai tsaya gardama ba, ya goya uban nasa yana dukansa a kafaɗa, ya bi lungu-lungu da shi har ƙofar asibiti.

Alhaji ya tashi, hancin bai dawo ba. Haɗin turarensa kuwa mutum ɗaya ake koya wa, haka kakansa ya bar wasiyya, kuma dole a koya kafin ya manta ƙamshin.

Kawu ya saki rigata, na kasa tashi.

"To, Lantana, Gambo ko Sallau, wa za a miƙa wa kwalbar?"