Tela Mai Goge Sunan 'Yan Jarida

An yi wani mutum, tela ne, ɗinkinsa ba laifi, sai dai zaman kan keke ya gundure shi. Ya buɗe shafi a intanet, wai shi ma ya zama mai kawo labarai. To ina labaran? Bai taɓa taka kotu ko asibiti ya tambayi kowa komai ba. Da safe zai zauna a bayan shago kan buhun ƙyallaye, ya buɗe jaridu a wayarsa, ya kwashe labari tun daga kai har ƙarshe, ya goge sunan wanda ya rubuta, ya dasa nasa. Har ƙarawa yake yi a sama: "Binciken da na yi da kaina." Ko karanta abin ba ya yi.

Jama'a suka yi ta shiga shafin, masu talla suka biyo baya. Ya sayar da keken ɗinkin. Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar mana keken nan ko don wata rana." Ya ce ba ta san zamani ba.

Wata 'yar jarida ta kira shi. Ta ce, "Malam, don Allah. Ka ɗauki kanun da layi biyu, ka faɗi sunan jaridar, ka tura mutane su karanta sauran a wurinmu. Wannan ba mu hana ba. Amma duka? Ni na sha rana a kan labarin nan." Ya ce, "Baiwar Allah, abin da ke intanet ai na kowa ne." Ya katse wayar.

Na kowa? Ya 'yan uwa, da wani ya shigo shagonsa ya ɗauki rigar da ya ɗinka ya ce shi ya yi, da zai yarda?

Ana nan, jaridar ta buga cewa wani mai kantin magani yana sayar da jabu. Gogan naku ya kwashe da zafinsa, ya sa sunansa. Ashe jaridar ta yi kuskure, wani kantin ne daban. Kafin azahar ta cire labarin, ta nemi gafara. Shi bai sani ba, don ba ya waiwayar inda ya yi sata. Nasa ya ci gaba da yawo. Mutane suka ƙaurace wa kantin, magani ya lalace a kan kanta, mai kantin ya kai ƙara. Jaridar ma ta kai tata.

Alƙali ya tambaye shi, "Kai ka rubuta wannan?" In ya ce i, ya yi wa bawan Allah ƙazafi. In ya ce a'a, ya amsa sata da bakinsa. Ya roƙi a ba shi lokaci, aka ɗage zaman.

Ya ruga ofishin jaridar, ya durƙusa gaban teburin 'yar jaridar nan da ta kira shi. "Ki taimake ni ki ce naku ne, ina da 'ya'ya." Ta ce, "Namu mun cire. Wannan sunanka ne a kai."

Kotu ta sa aka rufe shafin, aka umarce shi ya share labarin duk inda yake. Ina zai fara? Wasu shafuka sun riga sun kwashe daga wurinsa, da sunansa a sama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, yana kuka wiwi kamar yaro. Babu wanda ya amsa. Gidansa ya tafi a biyan diyya, surukinsa ya zo ya kwashe matar da yaran. Shi kuwa yana nan yana danna waya, labarin na ƙara yaɗuwa.

Wallahi abin yana ci mini rai, don da yawanmu haka muke yi. Rubutu gumin wani ne. Ka ɗauki kaɗan, ka ambaci mai shi, in kana son duka ka nemi izini. Abin da ka sa wa sunanka, kai za a tambaya, nan duniya da gobe ƙiyama.

Allah ya kiyaye hannayenmu daga haƙƙin mutane, ya hana mu ɗaukar abin da zai danne mu. Amin.