Inda Aka Binne Cibiyar Nomau

Ku ajiye wayoyin nan, ku gyara zama. Ga wata nan gare ku, kuma sai kun yanke mata hukunci kafin kowa ya tashi.

A wani gari na bakin iyaka an yi wani mutum, Nomau, wanda ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma. Saura wata guda zaɓe sai magana ta tashi a kasuwa, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Wai a ƙetare aka haife shi, mutanen can suka dasa shi tun yana jariri don ya girma ya miƙa musu gonakin gari. Har mai shayi ya riƙa ce masa, "Ranka ya daɗe, yaushe za a leƙa gida?"

Abin da ya hana Nomau sukuni shi ne ƙaryar tana da gindi. Shi ɗan fari ne, uwarsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙauyen Ɗinya, wanda iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa. Ubansa kuwa da ya je yankar takardar haihuwa sai ya faɗi sunan garinsa, don a wurinsa ɗa na gidan ubansa ne. Iyayen sun rasu, Ɗinya ta zama kufai. Kwamitin tantance 'yan takara ya ba shi kwana bakwai ya nuna a wane gefe ya faɗo duniya, ko a soke sunansa. Duk karatunsa, ya rasa ta inda zai kama.

Sai aka kawo Tabawa ungozoma a kan amalanke, ta haura shekara tamanin, idanu sun tafi. Ta shafa fuskarsa ta ce, "Kai ne mai kukan nan? Ni na yanke maka cibiya." Ta juya wajen kwamiti. "Ku rubuta, 'ya'yan nan, tunda aikinku ke nan. Na binne ta a bayan ɗaki cikin kasko mai tsaga uku a baki, tare da askata, don bakinta ya karye ranar." Amma a kufai, wa zai nuna wa makauniya bayan ɗaki?

Aka ɗunguma zuwa Ɗinya, sai Chindo makiyayi ya shige gaba. Shi ba ya magana da yawa. Ya yi shekara talatin yana kiwo a kufan nan, ya san akwai wuri ɗaya kusa da wata kuka inda ciyawa ke fita dabam. Ya tona da sandarsa, sai ga toka da gawayi, wurin da aka dafa ruwan jego kwana arba'in. Daga murhun ya auna inda ɗakin mai jego zai kasance, ya ce, "Nan." Aka haƙa kamu biyu. Kasko ya fito, tsaga uku a bakinsa, aska a ciki ta yi tsatsa. Nomau ya durƙusa a gaban kaskon. Masu zargin ma suka yi ta salati.

Duk da haka wani cikinsu ya ce, "To, mun gani. Amma nan ɗin ƙasar wa ce?" Aka rasa abin nuna masa, don yashi ya daɗe da cinye turken iyaka.

Sai Jatau mai haƙar rijiya ya tuɓe riga. Ubansa ne ya yi dakon simintin turken, kuma ya taɓa gaya masa yana tsakanin kukar da wata tsohuwar rijiya. Wuni biyu tsohon nan yana kwasar yashi, tafin hannunsa ya fashe, har dagi ya daki siminti. Aka ja igiya daga turken aka auna. Kaskon yana cikin ƙasarmu da taku bakwai. Taku bakwai, jama'a! Ikon Allah ya wuce a faɗa.

Nomau ya ci zaɓe. Ranar rantsuwa aka ce masa kujera ɗaya ce a gefensa, ta mahaifi ko mahaifiya, ya kawo wanda zai zauna a madadinsu. Ya dubi tsofaffin nan uku, ya rasa wanda zai zaɓa.

To, ku da kuka iya surutu, ku gaya mini: Tabawa, Chindo ko Jatau, wane ne ya fi cancanta ya zauna a kujerar?