Bencin Gindin Darbejiya

An ce wai wani sarki ya kafa doka, duk inda mota ke tsayawa ɗaukar fasinja a ƙasarsa sai an ajiye abin zama. A tashar wani ƙauye aka girke dogon benci a gindin darbejiya, maza suka same shi kamar gadonsu.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa, Gwaggo Dudu, mai ciwon gwiwa, wadda ke jiran motar asibiti a nan. Ga benci a gabanta, amma a tsaye take yini, abin tausayi. Da ƙafa ta gaza, sai ta mirgino turminta ta kifa ta zauna. Sarkin tasha Tanimu, mutum mai son a san yana aiki, ya ƙwace turmin, wai ya tare hanya. Ran nan ta tsaya har jiri ya kayar da ita, mota ta tafi ta bar ta.

Da ta kai kuka fada, aka kirawo Tanimu, ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce benci, ga benci. Wa ya hana ta zama?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ja zamaninka, mijin 'yata Mato a kai yake yini. Ya sha tashi ya ba ni wuri, yaron kirki ne. Amma ni da furfurata in kutsa tsakanin maza, kafaɗa da kafaɗa? Gara gwiwar ta karye."

Sarki ya gane laifin ba na Tanimu kaɗai ba ne. Sai ya ce, "Mun ba da umarnin katako, mun manta da kunya. A kira kafinta ya zo da zarto."

Aka raba bencin biyu, aka ƙara wa kowane ƙafafu. Rabi ya tsaya inda yake, rabi aka zagaya da shi bayan darbejiyar aka ce na mata ne. Turmi kuwa, Tanimu da kansa ya kai mata gida a ka.

Ranar da Gwaggo ta fara zama, sai ga mata suna fitowa daga jikin katanga, masu goyo da masu tsohon ciki, waɗanda ba wanda ya taɓa lura a tsaye suke. Ta matsa musu.

Wanda duk ya kafa doka don a zauna, to ya waiwaya ya ga wa aka bari a tsaye.