Ɗan Kasuwar da Ya Goge Lamba

An yi wani mutum, ɗan kasuwa, mai sayar da kawunan tukunyar gas. Shagonsa na bakin titi, kwalaye har rufi. Ba ya fashin jam'i, kuma idan ana maganar amana a kasuwa, muryarsa ce ke fin ta kowa.

Wata rana mai gyaran gas ya shigo, ya ja shi gefe, ya kwance kai ɗaya a gabansa. Robar ciki ta tsage. Ya ce duk kayan da suka zo da lambar da ke wuyan wannan kan haka suke, da sun ji zafi sai su fara yoyo. Mutumin ya duba sito, kusan rabin kayansa masu lambar ne.

To, a lokacin an yi wa dokar kare masu saye gyara. Duk ɗan kasuwar da ya ga aibi a kayansa ya kai kansa hukuma, za a karɓe kayan, a faɗakar da jama'a, amma ba za a ambaci sunansa ko inda yake sari ba. Ya 'yan uwa, wane sauƙi ya wuce wannan? A rufa maka asiri, kuma a ceci rayuka.

Matarsa ta roƙe shi ya je. Ya ce mata ita ba ta san ofis ba, maganar da ta shiga can da safe, kafin la'asar tana bakin masu shayi. Gaskiyar ita ce asarar yake gudu, amma ya fake da mutunci.

Sai ya rufe shago, ya samo fetur da tsumma, ya zauna yana goge lambar daga wuyan kowane kai. Ya cakuɗa su da masu kyau, ya goge na masu kyaun ma don kada a ga bambanci, ya raba wa ƙananan shaguna. Har yana jin kansa mai dabara.

Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwa, wanda ya fi shi tsoron Allah, ya kai rahoton irin kayan. Rediyo ta ɗauka: kowa ya duba wuyan kan gas ɗinsa, in ya ga lamba kaza ya cire nan take. Mutane suka duba. Waɗanda suka ga lambar suka tsira. Waɗanda nasu ya bi ta hannun wannan mutum ba su ga komai ba, suka yi hamdala, suka ci gaba da girki.

Rannan da yamma yana cikin ciniki, shago cike, sai ƙanwarsa ta kira shi. Ita ce autarsu, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Ta sayi nata a wani shagon unguwarsu, don ba ta son ta riƙa damun sa.

Ta ce, "Yaya, nawa babu lamba ko ɗaya. Lafiya dai ko?"

Ya kalli mutanen da ke tsaye suna jin sa. Kalma ɗaya ce, cire shi. Amma in ya faɗa, za su tambaye shi ta yaya ya sani.

Ya ce, "Lafiya lau ne. Gobe zan leƙo."

Ya yi niyyar kai mata sabo da safe. Ita kuwa ta riga shi tashi, ta shiga kicin don ta dafa wa yara ruwan wanka, ta ƙyasta ashana.

A asibiti ya same ta, an naɗe ta da bandeji, idanu kawai ake gani. Ba ta zarge shi ba. Tana ta ba shi haƙuri ne, wai kada ya damu, kaya ne na kamfani, shi ina zai sani?  Ta cika tana ganin sa mutumin kirki, kuma wannan ya fi komai cin ransa.

Bayan an binne ta ya kai kansa hukuma. Suka ce masa rufin asiri na wanda ya zo kafin ɓarna ne. Aka rufe shagon, sunansa ya shiga rediyon da yake gudu. Suka tambaye shi ina sauran kayan, ya ce bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Shagunan sun sayar, masu saye sun watse, wasu sun tashi daga gari. Ko an ajiye masa biyu a gabansa, shi kansa ba zai iya cewa ga mugun ba. Yanzu duk motar kashe gobara da ta wuce, sai ya zauna a inda yake.

Ya 'yan uwa, ɓoye aibin kaya ha'inci ne, ko gwangwani ɗaya ne. Mai saye bai ga cikin kwali ba, fuskarka ya gani ya yarda. An buɗe wa mutumin nan ƙofa ya ƙi shiga, aka tambaye shi sau ɗaya ya ce lafiya lau. Yau yana so ya gyara, babu ta inda zai fara. Wanda ya san akwai abin da yake ɓoyewa a sitonsa, ya faɗa yau, tun faɗar tana da amfani.

Allah ya tsare mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Allah ya kiyaye mu. Amin.