Akwati Biyu da Rufaffiyar Ƙofa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a wani asibiti. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba. Kayan sauti ne suka shiga ransa.

Ya ware ɗaki guda a gidansa, ya jera sifikoki da amfilifaya. Abin da ya fi ɗauke masa hankali wata 'yar akwati ce da ake kira dak, wadda ke karɓar waƙar da ke cikin kwamfuta ta mayar da ita sautin da sifika za ta fitar. Ya sayi ɗaya, ya ce murya ta yi kaifi. Ya sayi wata, ya ce ganga ta yi nauyi. Abokai suka laƙaba masa Mai Kunne, wai har haɗiyar yawun mawaƙi yana ji. Kansa ya kumbura.

Sai ya ce motsin gida na dama masa ji. Ya sa aka liƙe bango da soso, aka toshe ƙasan ƙofa. Ya kafa doka: in ya shiga, ba a ƙwanƙwasawa.

A gidan nan mahaifiyarsa take, tsohuwa, ƙafa ta yi rauni.

Wata Asabar dillalinsa ya kawo masa akwati biyu, ya zaɓi ɗaya kafin yamma. Matarsa za ta fita aiki, ta ce, "Don Allah ka bar ƙofar a buɗe. Mama ta tashi da jiri yau."

Ya ce, "To, na ji."

Tana fita ya rufe, ya murza makulli, ya kashe waya.

Ya jona wannan, ya saurara. Ya cire, ya jona waccan. Waƙa ɗaya yake ta maimaitawa tun bayan azahar. Aka kira la'asar, bai sani ba.

Tsohuwa ta shiga banɗaki yin alwala, santsi ya kwashe ta, kanta ya bugi gefen kwamin wanka. Ta yi ta kira. Tsakaninta da ƙofar ɗanta taku bakwai ne. Taku bakwai, jama'a!

Wata tela, maƙwabciyarsu, ita ta jiyo ta ta bayan katanga. Ta buga ƙofar gida, shiru. Ta kira wayarsa, a kashe. Mijin telar ya tara maza aka ɓalle ƙofa. Da suka banke ɗakin nan, me suka gani? Mutum a kishingiɗe, ido a lumshe, yana murmushi. Ya ɗaga kai a fusace, ya ce, "Wa ya ce ku shigo?"

Innalillahi! Ba a kai asibiti da tsohuwa ba, ta cika a mota.

Wajen zaman makoki telar nan ta ce masa cikin kuka, "Sunanka kaɗai take kira. Ba ta kira kowa ba, har muryar ta ƙare."

Tun ranar bai sake zama daidai ba. A wurin aiki ya fara haɗa jinin wannan da na wancan, aka sallame shi. Ƙannensa suka daina taka gidan.

Ya 'yan uwa, akwatin nan ba ta da laifi. Laifin na wanda aka damƙa wa amana ne, ya ce to da baki, zuciyarsa na wani wuri. Wace sha'awa ce ta kai uwa? Kai da ke zaune a nan, me ka rufe ƙofa a kansa, kuma wa ka bari a waje? Tashi ka duba su yau, tun suna da bakin kiranka.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Allah ya kiyaye mu da gafalar da nadama ba ta gyara ta. Amin.