Ranar da Teku Ta Ƙafe wa Lawandi

To jama'a, kowa ya gyara zama. Shari'a na kawo muku yau, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa hukuncin.

A Malumfashi an yi wani saurayi mai gyaran babur, sunansa Lawandi. Yaron kirki ne, sai dai Allah Ya yi shi da ƙafar yawo. In ka zuba masa shayi, kafin ya huce ya miƙe. Mahaifiyarsa ta yi faɗa har ta gaji, shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Yana da aboki, Zakari tela, mutum mai sanyin hali, wanda zai wuni a kan keken ɗinki bai ce uffan ba. Yadda aka yi jininsu ya haɗu, ni ma ban sani ba.

Wata shekara bayan babbar salla Lawandi ya ce shi fa sai ya je ya ga inda ƙasa ta ƙare. Ya dami Zakari da magana har ya rufe shago. Kowa ya saɓa jakar goyo, da dardumar salla da buta da ɗan ƙuli-ƙuli, suka gangara kudu suka kama bakin teku. Kwatano, Lome, Akra, Abijan, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa, kwana a zango ko a barandar masallaci. Duk garin da Zakari ya fara sakewa, ya sami mai shayin da ya yi masa, sai Lawandi ya fara ɗaure jaka.

"Haba Lawandi," in ji Zakari, "ko kaza in ta yi tono ai takan kwanta."

"In mun koma gida ka kwanta har ka gaji. Tashi mu ga gaba."

A haka har suka kai wani ƙauye a gaɓar ƙasar Gini. Da hantsi Lawandi ya leƙa bakin ruwa, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Duk inda suka wuce a baya, teku tana nan inda take, tana ta hauka. A nan kuwa ta janye, ta bar fili fetal, yashi da laka har iyakar gani. Can gaba ga wani tsibiri da itatuwan kwakwa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Nan take ƙafar Lawandi ta fara ƙaiƙayi.

A bakin gaɓar akwai wani tsoho gurgu mai suna Alsaini, yana dafa ruwan gishiri a babban kaskon ƙarfe. Da ya ga baƙi sun naɗe wando sun nufi fili, sai ya tare su. Ba ya jin Hausa, ba sa jin yarensa, sallama kaɗai ta haɗa su. Ya nuna teku, ya ɗaga tafin hannunsa daga ƙasa har wuyansa.

"Me yake cewa?" in ji Zakari.

"Cewa yake ruwa yakan kawo nan. Da damina yake nufi, mana. Kai ba ka san kogi ba? In ya ƙafe ai sai baɗi. Mu da muke haƙa rijiya a tsakiyar kogi da rani!"

Kun ji fa. Mutumin tudu ya auna teku da kogin garinsu. Zuciyar Zakari ba ta kwanta ba, amma ya bi abokinsa, kamar yadda ya saba.

Sun yi nisa, gaɓa ta zama zare a bayansu, sai yashi ya ƙare, laka ta fara. Lawandi, da yake kullum shi ne gaba, ya zurma har gwiwa. Ya yi dariya, ya yunƙura, ya zurma har cinya. Ya sake yunƙurawa, lakar ta riƙe shi har ƙugu. Da ya ɗaga kai, sai ya ga tekun da ya ce sai baɗi tana dawowa, ba ƙara ba hayaniya, tana lasar ƙasa tana matsowa. Waya ba sabis, kuma ko da akwai, wa za su kira? Tsoro ya kama Lawandi irin wanda bai taɓa ji ba. Mutumin da bai iya tsayawa wuri ɗaya ba, yau ga shi an dasa shi.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Lawandi ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya Allah, duk wanda ya fitar da ni daga nan, ɗana na fari sunansa zan sa masa!" Ko budurwa ba shi da ita a lokacin, amma ya yi alkawari da ɗa.

To, ga abin da kowa ya yi.

Zakari yana kan yashi mai ƙarfi, kuma hanyar komawa ba ta rufe ba tukuna. Da ya juya da gudu, da ya tsira. Lawandi da bakinsa ya ce masa, "Tafi, ka gaya wa Inna ta yafe mini." Zakari ya ce, "Ka gaya mata da kanka." Ya shimfiɗa jakunkunan biyu a kan laka, ya rarrafa a kansu, ya cusa hannuwansa a hammatar abokinsa ya riƙe shi don kada ya ƙara nutsewa. Bai iya iyo ba, ko a kududdufi bai taɓa shiga ba. Ruwa ya kawo ƙirji, ya kawo wuya, shi yana durƙushe yana tallafe da haɓar Lawandi, igiyar ruwa tana marin fuskarsa. Ba don shi ba, da masu ceto sun iske ruwa ya shafe wurin.

Tsoho Alsaini kuwa, tun da suka raina maganarsa bai ɗauke ido daga kansu ba. Da wani ne, da ya ce su suka jiyo. Shi kuwa da ya hango su can nesa kamar ɗigo biyu sun daina motsi, sai ya bar kaskonsa a kan wuta, ya ɗauki sandarsa. Masunta duk suna can wani mashigi mai nisa bayan gari. Tsohon nan ya ja ƙafarsa cikin rana, yana faɗuwa yana tashi, yana kururuwa har muryarsa ta dushe. Gishirin da ya sha wahala a kansa ya ƙone, kaskon da yake ciyar da iyalinsa da shi ya huje. Ba wanda ya ga inda baƙin suka shiga sai shi. Ba don shi ba, da ba wanda ya san ma akwai mutane a can.

A mashigin, masunta suka ji, suka dubi ruwa, suka girgiza kai: kwale-kwale ba zai bi ta kan lakar nan ba, ruwan bai isa ba, in kuwa aka jira ya isa, an makara. Sai wani mai suna Salifu, wanda shigowarsa ke nan da jirgi cike da kifi, kamun da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ya kifar da kifin nan kaf cikin ruwa don jirgi ya yi sauƙi, ya ɗauki gora ya tura. Da ya isa, hancin Lawandi kaɗai ke waje. Salifu ya nutsa, ya dinga tonon laka da hannu a gindin ƙafafun mutumin da bai taɓa gani ba, yana fitowa ya shaƙi iska ya koma. Wani ɓawo mai kaifi da ke cikin lakar ya tsarge masa hannu, yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Shi ya zare Lawandi, ya jefa su duka biyu cikin jirgi. Ba don shi ba, da riƙon Zakari da gudun tsoho duk sun tashi a banza.

Lawandi da Zakari suka yi jinya a ƙauyen, suka yi godiya da hannu da hawaye tun da baki bai da amfani, suka kamo hanyar gida. Zakari ya dawo da tarin da har yau in sanyi ya shigo sai ya tashi. Bai taɓa yi wa abokinsa gori ba.

Lawandi ya yi aure, ya auri wata yarinya mai suna Hansai. Ga shi yanzu Allah Ya sauke ta lafiya, ɗa namiji. An sayi rago, an raba goro, gobe suna. Amma angon ƙarni ya kasa zama. Ya shiga ɗaki, ya fito zaure, ya je bakin titi, ya dawo. In ya ce Zakari, sai ya tuna tsoho yana jan ƙafa a rana. In ya ce Alsaini, sai ya ga yatsun Salifu. In ya ce Salifu, sai ya ji hannun Zakari a haɓarsa. Ya je wurin liman ya roƙa a haɗa sunayen uku. Liman ya ce, "Wanda ya fitar da kai ka ce, ba waɗanda ba. Alkawari kaya ne, Lawandi, kai ka ɗora wa kanka."

Hansai ta dube shi yana safa da marwa, ta ce, "Malam, ɗa ɗaya na haifa. In uku kake so, sai ka jira. Amma wannan dai ba zai kwana gobe babu suna ba."

To, ga ku ga Lawandi. Wanda ya ƙi gudu ya tsaya a bakin ransa, da wanda aka raina amma bai yi fushi ba, da wanda ya zubar da abincinsa ya ba da hannunsa saboda baƙo: in liman ya buɗe baki gobe da safe, sunan wa ya kamata ya raɗa wa yaron nan?