Kyallu da 'Ya'yanta na Fari

Dalilin da ya sa dabinon kurmi ba ya zama gindi ɗaya da matarsa ba abin dariya ba ne, yara, don haka ku nutsu. Ba dabinon da kuka sani ba ne, kamannin ganye kawai suka yi. Shi gajere ne, can kudu yake fitowa, inda ruwan sama ba ya daɗewa bai sauka ba.

A da can, miji da mata kututture ɗaya suke, kai biyu. Jatau ne mijin, Kyallu ce matar. Irinsu ba sa saurin girma. Sai da itatuwan da suka tsiro tare da Kyallu suka tsufa suka faɗi, sannan ta yi haihuwar fari: wani curi mai kama da abarba, cike da 'ya'ya jajaye masu zaƙi.

Kun san al'ada. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa, ba ta tare masa a gaban mutane. Kyallu kuwa mai kunya ce ƙwarai. Sai ta ga ba kowa take sunkuyar da ganye ta lulluɓe su.

Wata rana fatake masu dawowa daga sayen goro suka biyo ta wurin, guzurinsu ya ƙare. Madugunsu ya yi sallama ya ce, "Maigida, yunwa ta kusa kayar da mu. Ko za a taimaka?"

Jatau ba shi da komai sai garin fure rawaya, amma yana son a ce da shi mai kyauta. Ya ce, "Ga 'ya'ya nan jajur, ku ɗiba. Kyallu, ko kina da magana?"

Tana da magana. So take ta ce a bar mata ko guda. Amma ta yaya za ta buɗe baki a kan 'ya'yan fari, ga baƙi sun zuba mata ido? Ta kau da kai ta ce, "Ni ina ruwana da su?"

Madugu ya yi dariya. "Kai, uwargida akwai kunya! Jama'a, a rage mata kaɗan."

"Haba madugu, ba ka ji ta ba?" in ji Jatau. "Ku cinye, ku je ku ba da labarin kun sauka gidan Jatau."

Suka tsotse, suka fasa ƙwallayen, suka tauna. Kyallu tana jin ƙarar kowane.

Da suka tafi Jatau ya ce, "Kin ji irin addu'ar da suka yi mana?"

"Na ji, maigida."

"To wannan ɗaure fuskar fa? Ai da bakinki kika ce ba ruwanki."

"Da bakina na faɗa. Baƙi ba su san ni ba, ban ga laifinsu ba. Amma kai, duk shekarun nan muna gindi ɗaya, ashe bakina kawai kake ji?"

Ta yage jikinta daga nasa, ta tsallake rafi, ta kafa saiwa ita kaɗai. Kukan da ba ta yi ba ta haɗiye shi, ya gangara cikin kututturenta ya zama dafi. Ganyenta ya yi tauri, ya fitar da ƙaya.

Jatau ya yi kira har ya gaji. Daga baya ya riƙa aiken ƙananan ƙwari, yana shafa musu garin furensa su kai mata biko. Takan karɓi garin, don tana son 'ya'ya. Amsa dai ba ta taɓa bayarwa ba.

Shi ya sa har yau za ku ga namijin daban, macen daban, ƙwari ne kawai ke zirga-zirga tsakaninsu. In kuwa kuka ga 'ya'yanta sun nuna jajur, kada ku kai baki. Ba za ta ce muku kada ku ci ba, har yanzu tana jin kunya. Amma wanda ya ci, cikinsa zai gaya masa abin da ta kasa faɗa.